Rami Biyu a Bakalori

Ruwan kanal ya ɗauke tun alkama tana madara,
zangarniya kore shar, ƙwayar ba ta yi ƙwari ba.
Na tsaya bakin fangali ina lissafi da yatsu:
taki buhu huɗu, man inji, bashin Nomau,
ga shanu shida a turke, daji ya gagari kiwo,
ba mai kai su bayan dutse ya tabbata da dawowa.

Bara'atu ta zo hutu daga makaranta a Bakura.
Ta murza zangarniya ɗaya, farin ruwa ya ɓata mata yatsa.
Ta ce, "Baba, a yanke. Ba mutuwa ta yi ba, hanya za ta sauya."
Ta zaro 'yar leda, ko tafin hannu ba ta cika ba,
gari a ciki kamar dakakkiyar kanwa,
wai masu rai ne, dubun dubata, barci suke yi,
ruwa kaɗai suke jira su soma motsawa.

Na yi dariya har da tari.
Ni da ƙwayar cuta ta kashe wa bijimai biyu,
yau in sayi ƙwayoyi da kuɗina in ba dabba tana kallo?

Inna Ige na gefe tana ɗauraye ƙwarya.
Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Furfurarka ta banza.
Madarar jiya, wa ya mai da ita kindirmo?
Ba ludayin tsohon nono nake zuba mata ba?
Wadda na manta ban sa wa ba, ita ke wari, ita ke tsinkewa.
Yarinya ta kawo maka irin nono na ciyawa,
ka tsaya kana wage baki kana ƙyaƙyatawa."

Duk da haka rami biyu na haƙa, taurin kai gadona ne.
Muka yanka da sassafe, ta sha iska har la'asar,
muka daddatsa da adda, tsawon gaɓar yatsa.
Na gabas, ta dama garin a tankin feshi,
shimfiɗa bayan shimfiɗa tana bi tana yayyafawa.
Na yamma na ce a bar min shi yadda Allah ya yi shi.
Yaran unguwa suka hau suna tsalle.
"Ku kori iska," take cewa, "ita ce ɓarauniyar."
Leda, ƙasa, tsofaffin tayoyi uku, sai rufewa.

Kwana arba'in da biyar.
Ta koma Bakura. Bazara ta sauko da wuta,
damin harawa ya kama kuɗin tiyar shinkafa,
haƙarƙarin Gudaliya ya fito ana ƙirgawa.

Nawa na fara buɗewa.
Sama fumfuna, ƙasa baƙi, ga ɗumi kamar zazzaɓi,
ƙuda suka riga ni sanin labari.
Rabi na kwasa zuwa juji, ban bari Inna ta gani ba.

Nata kuwa, ina ɗaga ledar,
ƙamshin tsami ya tare ni, na ƙwaryar Inna da asuba.
Kore mai ratsin rawaya, sanyi a hannu, ba yauƙi.
Gudaliya ta shinshina, ta ja baya, ta dube ni,
sannan ta sa baki.
Garken ya yi tsit, ba ka jin komai sai taunawa.

Mako biyu, tatsar safe ta ƙaru da ludayi uku.
Ba arziki ba ne. Nomau rabi na ba shi, yana nan yana jira.
Na kira ta a waya, layin na tsinkewa,
na ce, "Garin nan naki, nawa ake sayar da ledar?"
Ta yi shiru, can sai dariyar Inna ta fito ta bakinta.

Ramin yamma ban cike shi ba har yau.
Ta nan nake bi in za ni gona,
in ɗan tsaya, in leƙa, in wuce ba tankawa.